Darasin Kimiyya: Amintaccen Hatimin Lokaci a kan Takardun Kwamfuta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa kwanan watan da ke jikin fayil bai isa hujja ba;
2. zayyana matakan buga amintaccen hatimin lokaci;
3. faɗin matsayin hatimin a gaban kotu da amfaninsa a harkokin yau da kullum;
4. rarrabe abin da hatimin ke tabbatarwa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Gabatarwa

Ɗalibai, duk takardar da aka kai gaban alƙali sai ta amsa tambayoyi uku: wa ya rubuta ta, me aka rubuta a ciki, kuma yaushe aka rubuta. Sa hannu shi ke amsa ta farko. Darasinmu na yau a kan sauran biyun yake.

Damuwa da wannan al'amari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da ajalinsa da kuma kafa shaidu. Wato rubutu kaɗai bai wadatar ba, sai da wani na gefe da zai tsaya ya ce a gabansa aka yi. To yanzu yarjejeniya da rasit da takardar kwangila duk sun koma cikin waya da kwamfuta. Wa zai tsaya musu shaida? Amsar da masana suka samo ita ce amintaccen hatimin lokaci.

Kashi na ɗaya: Ina matsalar take?

Takardar hannu tana tsufa. Launinta yana sauyawa, tawada tana disashewa, in an kankare wani wuri sai tabo ya nuna. Fayil ɗin kwamfuta kuwa ba ya tsufa. Wanda aka rubuta jiya da wanda aka rubuta shekara goma da suka wuce, in ka buɗe su, babu abin da zai bambanta su a ido.

Wani zai ce ai kwamfuta tana rubuta ranar da aka ƙirƙiri kowane fayil. Haka ne, amma daga ina take samun ranar? Daga agogonta, agogon kuma a hannun mai kwamfutar yake. Kowannenku zai iya shiga saitin wayarsa yanzu ya mayar da ita shekarar 2015, ya rubuta takarda, ya adana, sannan ya gyara agogon. Saboda haka kwanan watan da ke jikin fayil maganar mai fayil ce kawai, kuma mutum ba ya zama shaidar kansa.

Ga misali daga Pakistan. A 2017, lokacin binciken kadarorin iyalin Firaminista Nawaz Sharif bayan fallasar takardun Panama, an gabatar da wata takarda mai ɗauke da kwanan watan Fabrairu 2006. Kwamitin bincike ya lura cewa an buga ta da salon haruffan Calibri, wanda kamfanin Microsoft bai fitar wa jama'a a kasuwa ba sai a Janairu 2007. Masu kare iyalin suka amsa da cewa akwai kwafin gwaji na manhajar tun kafin lokacin. Aka shiga kiran masana, ana musu a kan siffar haruffa. Ku lura da inda ƙasa guda ta tsinci kanta: ana neman gane shekarun takarda ta hanyar laluben alamu. Da an buga wa takardar amintaccen hatimi ranar da aka rubuta ta, da an yanke musun cikin minti guda, ko wane ɓangare ne ke da gaskiya.

Kashi na biyu: Ginshiƙai uku

*Ginshiƙi na farko: zanen yatsan takarda.* Akwai wani lissafi da masana ke kira hash. Ana zuba masa fayil komai girmansa, shi kuma ya fitar da gajeren jerin haruffa da lambobi. Kamar yadda zanen yatsa ke nuna mutum ɗaya tak ba tare da ya bayyana kamanninsa ba, haka wannan jeri yake ga fayil. Wanda aka fi amfani da shi a yau shi ne SHA-256, wanda hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a farkon shekarun 2000. Ko shafi ɗaya aka ba shi ko fim na awa uku, abin da zai fitar alamomi 64 ne, ba ƙari ba ragi. Idan aka ba shi haruffa uku, abc, jerin da zai fito yana farawa da ba7816bf, yana ƙarewa da f20015ad. Ko a Kano aka lissafa ko a Tokiyo, ko yau ko baɗi, amsar ɗaya ce.

Siffofi uku suka ba wannan lissafi daraja. Na ɗaya, in aka sauya ko da ɗigo ɗaya a fayil, jerin gaba ɗaya zai rikiɗe. Na biyu, ba a iya komawa baya, wato daga jerin ba a iya gano abin da ke cikin takardar. Na uku, babu wata sananniyar hanya ta ƙirƙiro takardu biyu daban masu jeri iri ɗaya. Yawan jerin da SHA-256 zai iya fitarwa adadi ne mai lambobi 78 a jere, don haka lalube ba zai kai mutum ko'ina ba.

*Ginshiƙi na biyu: sa hannun lissafi.* Cibiyar da ke buga hatimi tana da makullai biyu na lissafi masu alaƙa da juna. Ɗaya na sirri ne, tana ɓoye shi a cikin na'ura ta musamman mai tsaro, da shi take sa hannu. Ɗayan na fili ne, kowa na iya samunsa a cikin satifiket ɗin cibiyar, da shi ake tantance sa hannun. Wanda ke da makullin fili zai iya gane sa hannu na gaske, amma ba zai iya kwaikwayonsa ba.

*Ginshiƙi na uku: agogon da duniya ta yarda da shi.* Tun 1967 aka daina auna daƙiƙa da motsin duniya, aka koma ga ƙwayar zarra ta sinadarin siziyom. Daƙiƙa ɗaya ita ce tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke da alaƙa da wannan ƙwaya. Hukumar ma'aunai ta duniya da ke Sebur kusa da Faris tana tattara bayanan ɗaruruwan irin waɗannan agogo daga ƙasashe daban-daban, ta fitar da lokacin duniya da ake kira UTC. Agogon Nijeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, na Gana kuma daidai yake da shi. Da wannan lokaci cibiyar hatimi take daidaita agogonta, kuma ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce kada saɓanin ya wuce daƙiƙa ɗaya.

Kashi na uku: Yadda ake buga hatimin

Tsarin da aka fi bi yana cikin wata takardar ƙa'ida mai suna RFC 3161, wadda ƙungiyar injiniyoyin intanet, IETF, ta fitar a 2001. Mu bi shi da misali. Mu ɗauka wani ya sayi fili a kan naira 500,000, aka rubuta yarjejeniya a kwamfuta, aka adana ta a matsayin PDF.

1. Manhajar mai saye ta lissafa zanen yatsan fayil ɗin a cikin kwamfutarsa.
2. Ta aika wa cibiyar hatimi wannan jeri kaɗai. Takardar ba ta barin hannunsa.
3. Cibiyar ta duba agogonta, ta haɗa jerin da kwanan wata da lokaci da wata lambar rajista da ba a maimaitawa.
4. Ta sa hannu a kan wannan haɗi da makullinta na sirri, ta mayar masa. Wannan ƙaramin fayil shi ne hatimin.
5. Mai saye ya adana hatimin tare da takardar, ko a cusa shi cikin PDF ɗin kansa.

Duk wannan ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Ku kula da mataki na biyu sosai: cibiyar ta tsaya shaida a kan takardar da ba ta taɓa karantawa ba. Sirrin ciniki, bayanin majinyaci, ƙirƙirar da ba a fitar ba, duk suna nan a rufe.

Bayan shekara biyar sai rigima ta tashi, mai sayarwa ya zo da tasa takarda mai cewa naira 5,000,000 aka yi ciniki, saura bashi. Sifiri ɗaya ne ya ƙaru. Mai tantancewa zai lissafa zanen yatsan takardun biyu, ya kwatanta da wanda ke cikin hatimi. Na takardar asali zai dace harafi da harafi, na ɗayar kuwa ba zai ko yi kama ba. Sannan ya duba sa hannun cibiyar da makullinta na fili. Ba a buƙatar rantsuwar mai saye, ba a ma buƙatar kiran ma'aikacin cibiyar. Duk mai kwamfuta zai iya maimaita lissafin ya ga abin da aka gani. Gani ya kori ji.

Kashi na huɗu: In ita cibiyar ta ci amana fa?

Tambaya ce mai kyau, kuma tun farko aka yi ta. Tunanin kafa hujjar lokaci ba tare da tona asiri ba tsoho ne. A 1676 masanin kimiyyar Ingila Robert Hooke ya buga wasu haruffa a hargitse a cikin littafinsa, sai a 1678 ya warware su, aka ga dokarsa ce ta yadda sifirin na ƙarfe ke miƙewa gwargwadon ƙarfin da aka ja shi. Ya kafa shaidar cewa shi ya riga kowa, bai kuma ba abokan hamayya sirrinsa ba.

Waɗanda suka kawo wannan tunani zamanin kwamfuta su ne Stuart Haber da Scott Stornetta na cibiyar bincike ta Bellcore a jihar Niyu Jazi ta Amurka, a wata maƙala da suka buga a 1991. Dabararsu ita ce a sarƙe hatimai da juna, kowane sabon hatimi ya ƙunshi zanen yatsan wanda ya gabace shi. In cibiya ta so ta cusa hatimin ƙarya a tsakiya, sai ta sauya duk waɗanda suka biyo baya, alhali suna hannun mutane daban-daban. Kamfanin Surety da aka kafa a kan wannan bincike ya ƙara wani mataki: tun 1995 ya riƙa buga taƙaitaccen jerin hatimansa duk mako a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times. Wanda zai yi maguɗi sai ya bi dubban kwafin jarida gida-gida da ɗakunan karatu ya gyara. A 2008, takardar da ta gabatar da kuɗin Bitcoin ta ambaci ayyukan Haber da Stornetta har sau uku cikin madogararta takwas, domin a kan wannan sarƙa aka gina shi.

Ban da wannan, cibiyoyin da hukuma ta amince da su ana bincikensu a kai a kai, ana duba agogonsu da ma'ajiyar makullansu da rajistarsu.

Kashi na biyar: Matsayinsa a shari'a

Tarayyar Turai ce ta fi fayyace wannan batu, a dokarta mai lamba 910 ta 2014, wadda aka fi sani da eIDAS, da ta fara aiki sosai ranar 1 ga Yuli 2016. Sashe na 41 ya kafa abubuwa uku. Ba za a ƙi karɓar hatimin lokaci a kotu ba don kawai na lantarki ne. Hatimin da ya fito daga cibiyar da aka tantance ana ɗaukar kwanan watansa da lokacinsa daidai ne, kuma takardar da ke ɗaure da shi ba a taɓa ta ba, har sai an kawo hujjar akasin haka. Sannan irin wannan hatimi in an buga shi a ƙasa ɗaya ta Tarayyar, sauran ƙasashen dole su karɓe shi.

Abu na biyun nan shi ne zuciyar amfanin. Kun san ƙa'idar da malaman fiƙihu da lauyoyin zamani suka haɗu a kanta, cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. In ba hatimi, wanda ya gabatar da fayil shi zai yi ta fama ya gamsar da alƙali a kan ranar da aka yi shi. In akwai hatimin da doka ta amince da shi, nauyin ya koma kan mai musu, shi zai nuna inda lissafi ko agogo ya kuskure.

A ƙasar Sin, Kotun Intanet ta birnin Hangzhou ta karɓi hujjar da aka adana a sarƙar bulokcen, irin sarƙar da aka gina Bitcoin a kanta, a wata ƙarar haƙƙin mallaka a 2018, kuma a cikin shekarar Kotun Ƙolin ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta yarda da irin wannan hujja in an tabbatar da ingancinta.

A Nijeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ya buɗe ƙofar karɓar takardun kwamfuta, da sharuɗɗa: a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai, tana aiki daidai a lokacin, kuma wanda ke da alhakin kula da ita ya ba da takardar shaida. Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa a cikin wannan sharaɗi a ƙarar Kubor da Dickson ta 2012, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, inda ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga shafukan intanet saboda ba a cika sashen ba. Hatimin lokaci ba ya ɗauke wa mutum waɗannan sharuɗɗa. Aikinsa yana zuwa bayan an karɓi takardar, lokacin da lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce an ƙirƙire ta ne bayan rigima ta tashi.

Kashi na shida: Amfaninsa a aikace

*Haƙƙin mallaka.* Ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijeriya da Nijar duk suke ciki, haƙƙin marubuci yana tabbata ba tare da sai ya yi rajista ba. Wahalar tana wajen nuna wa ya riga wani. Marubuciyar da ke sakin littafinta babi-babi a WhatsApp, ko mai tsara labarin fim da zai miƙa wa furodusa, in suka buga hatimi kafin aikin ya bar hannunsu, sun riƙe hujjar cewa yana wurinsu tun ranar.

*Kwangila da wa'adi.* Inda aka ce za a rufe karɓar takardun neman kwangila ƙarfe 12 na rana, hatimi yana kare ɗan kwangilar da ya miƙa a kan lokaci, yana kuma toshe ƙofar shigo da takardar wani ta bayan gida.

*Tsawon ran sa hannu.* Satifiket ɗin sa hannun lantarki yana da wa'adi, kuma ana soke shi in an sace makulli. Hatimi yana nuna cewa an sa hannun tun satifiket yana da rai. Shi ya sa kamfanonin manhaja ke buga wa manhajojinsu hatimi, don kwamfuta ta ci gaba da yarda da su bayan wa'adin ya cika.

*Rajistar asibiti, banki da ɗakin bincike.* Duk inda ake fargabar a koma a gyara bayani bayan ɓarna ta auku, hatimi yana kare mai gaskiya daga zargi, yana kuma hana mai laifi share sawu.

Kashi na bakwai: Iyakokinsa

Kada ku ɗora wa hatimi abin da bai ɗauka ba. Abu biyu kawai yake faɗa: wannan fayil yana nan a wannan lokaci, kuma bai sauya ba tun daga nan.

Ba ya cewa abin da ke cikin takardar gaskiya ne, domin ƙarya ma ana iya buga mata hatimi. Ba ya faɗin wanda ya rubuta, wannan aikin sa hannu ne, shi ya sa ake haɗa su biyun. Ba ya faɗin ranar da aka fara rubutun, iyakarsa ya ce ba a wuce rana kaza ba. Kuma ba ya maye gurbin rajistar fili ko ta ƙirƙira inda doka ta wajabta.

Lissafin ma yana tsufa. A 2004 masaniyar ƙasar Sin Wang Xiaoyun da abokan aikinta suka karya tsarin MD5. A Fabrairu 2017 masana daga Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da fayilolin PDF biyu daban masu zanen yatsa ɗaya a tsarin SHA-1. Don haka takardar da za a ajiye shekaru masu yawa ana sake buga mata sabon hatimi da sabon lissafi a kan tsohon, tun tsohon bai raunana ba.

A ƙarshe, dole a adana fayil ɗin asali yadda yake. In ka buɗe shi ka sake adanawa, ko ka tura hoto ta manhajar da ke rage nauyinsa, zanen yatsan ya sauya, hatimin kuma ba zai gane shi ba.

Taƙaitawa

Kwanan watan da ke jikin fayil da'awar mai shi ce. Amintaccen hatimi yana mayar da ita shaidar wani na gefe, wadda kowa zai iya tantancewa da lissafi, ba tare da an tona abin da takardar ta ƙunsa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: ba a buga shi a baya. Wanda ya jira sai rigima ta tashi, hatimin da zai samu ranar rigimar zai nuna. Tun ran gini ran zane. Ku da za ku zama lauyoyi, injiniyoyi, likitoci da marubuta, ku mayar da shi al'ada ranar da aka kammala takarda mai muhimmanci, domin haƙƙin mutane da yawa yana salwanta ne saboda rashin hujja, alhali gaskiyar tana tare da su.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ba a dogara da kwanan watan da kwamfuta ke rubuta wa fayil?
2. Kawo siffofi uku na zanen yatsan takarda, ka bayyana amfanin kowacce.
3. Ta yaya cibiyar hatimi ke shaidar takardar da ba ta karanta ba?
4. Wane sauyi sashe na 41 na dokar eIDAS ya kawo game da wanda zai kawo hujja?
5. Wani ya buga wa littafin da ya sato hatimi a 2024, marubucin asali kuma yana da hatimin 2021. Wa hujja ta fi ƙarfafa, kuma me ya sa?

Aikin gida

Rubuta jimla ɗaya a fayil, ka adana. Lissafa zanen yatsansa da SHA-256, ta umarnin certutil a kwamfuta mai Windows ko sha256sum a mai Linux, ka kwafe alamomin 64 a littafinka. Ƙara ɗigo ɗaya a jimlar, ka sake lissafawa, ka kwafe a ƙarƙashin na farko. Ƙirga wurare nawa jerin biyu suka dace, ka zo da sakamakon darasi mai zuwa.